Yadda za ka gane yashi da tsakuwar da za su riƙe maka gini tun daga bakin tifa

Yawancin mutane in za su yi gini hankalinsu duk yana kan siminti da rodi, buhu nawa ne, na wane kamfani, rodin mai milimita 12 ne ko 16, amma yashi da tsakuwa sai a bar wa direban tifa, duk abin da ya juye shikenan a biya shi ya wuce. Alhali kuwa a jikin kankare yashi da tsakuwa su ne kashi 60 zuwa 75 cikin 100, kuma cikon da ke ƙarƙashin daɓen ɗakinka babu siminti ko cokali ɗaya a cikinsa, ƙwayoyi ne kawai suke jingine da juna. Toh in ƙwayoyin nan ba su zauna daidai ba wallahi ko ka ƙara siminti asara kawai kake ƙarawa.

Bara mu fara da abin da ke riƙe tarin yashi, dan sauran bayanin duk a kansa ya hau. Busasshen yashi ba shi da danƙo, ƙwayoyinsa ba a manne suke ba, abu biyu ne ke hana su zamewa, gugar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, sai kuma yadda suke cije juna in masu kusurwa ne. Wani injiniyan sojan Faransa mai suna Coulomb tun 1773 ya bayyana cewa ƙarfin irin wannan ƙasa yana ƙaruwa ne daidai da nauyin da ke danne ta. Shi ya sa yashin da ke saman tari kana iya ture shi da yatsa, wanda ke can ƙarƙashi kuwa yana ɗaukar gida. Kuma shi ya sa in tifa ta juye busasshen yashi gangaren tarin yake tsayawa wajen digiri 30 zuwa 35, ko ka ƙara masa sai dai ya zubo ya koma haka.

Ga inda mutane suke kuskure, suna ɗauka manyan ƙwayoyi su ne ƙarfi, ƙanana kuma rauni. Ba haka ba ne kai tsaye. In ƙwayoyi duk girmansu ɗaya kuma zagayayyu ne, fankon da ke tsakaninsu yana kaiwa kashi 26 zuwa kusan 48 cikin 100 gwargwadon yadda suka jeru, kuma wannan lissafin bai damu da manya ne ko ƙanana ba. Ka cika kwano da gyaɗa har baki, sannan ka ɗebo gero ka zuba a kai kana girgizawa, za ka ga geron yana shigewa kwanon bai ƙara tudu ba, kuma in ka cusa yatsa yanzu da ƙyar zai shiga. Abin da ake nema a yashi da tsakuwa kenan, manya da matsakaita da ƙanana a gauraye, kowa ya toshe gurbin na gaba da shi. Girman ƙwaya kuma shi ne ke yanke yawan simintin da za a ci, da saurin fitar ruwa, da kuma yadda abin zai karye ranar da nauyi ya fi ƙarfinsa.

Mataki na 1: ɗebi samfur yadda ya kamata

Kar ka ɗiba daga gindin tari kaɗai, kuma kar ka ɗiba daga ƙoli kaɗai. Lokacin da tifa ke juyewa manyan ƙwayoyi gangarowa suke yi gefe su taru a ƙasa, ƙanana su zauna a tsakiya da sama. Sa shebur ka ɗebo daga wuri huɗu ko biyar har da cikin tarin, ka gauraya a kan leda ko buhu, ka baje ka raba gida huɗu, ka ɗauki biyu masu kallon juna ka ajiye sauran. In ya yi yawa ka sake.

Mataki na 2: hannu

Ɗan jiƙa shi ka murza a tafin hannu. Yashi mai kyau za ka ji kaushi yana ɗan cizonka, in ka karkaɗe hannun ba ya barin jirwaye sosai. In ya bar maka hannu ja ko baƙi kamar ka taɓa taɓo, akwai laka. Dunƙula shi ka buɗe hannu, in ya tsaya curi har kana iya mirgina shi ya yi tsawo bai watse ba, wannan yumɓu ya yi masa yawa. Ka duba saiwoyi da ganye da gawayi da leda, duk ba a son su.

A ma'aunin injiniyoyi, abin da bai kai milimita 0.002 ba shi ne yumɓu, daga nan zuwa 0.063 turɓaya ce mai laushi kamar gari, daga 0.063 zuwa milimita 2 yashi, daga 2 zuwa 63 tsakuwa. Kaga tsakanin mafi ƙanƙantar yashi da mafi girmansa akwai ninki sama da 30, dan haka mutum ya ce maka "yashi ne ai" bai gaya maka komai ba tukuna.

Mataki na 3: gwajin kwalba

Wannan kam kowa ya kamata ya iya shi, ba ya cin ko sisi. Nemi kwalba fara mai miƙaƙƙen jiki, ka zuba yashi ya kai kamar santimita 10, ka narka ƙaramin cokali na gishiri a rabin lita na ruwa ka zuba har ya haura yashin sosai, ka rufe ka girgiza da ƙarfi kamar minti ɗaya, ka ajiye wuri mai daidai kar kowa ya taɓa har awa 3. Yashin zai zauna nan take, lakar kuma a hankali za ta kwanta a samansa ta yi layi daban da launinta. Gishirin aikinsa ya sa lakar ta kwanta da wuri. Sa rula ka auna. In kaurin lakar ya wuce kashi 8 cikin 100 na tsayin yashin, wato sama da milimita 8 a kan santimita 10, kar ka yi kankare ko bulo da shi sai an wanke, ko a mayar.

Dalilin yana da muhimmanci. Ɗauki dutse mai kusurwa huɗu santimita 1 ta kowane gefe, fatar jikinsa santimita murabba'i 6 ce. Ka yanka shi ƙanana masu milimita 1, za ka samu guda 1000, nauyin bai canza ba amma fatar ta koma 60. Duk sanda girman ƙwaya ya ragu da rabi, fatar da siminti zai lulluɓe ta ninka biyu. Toh laka ta fi yashi ƙanƙanta sau ɗaruruwa, sai ta shanye ruwan kwaɓi, lebura ya ga kwaɓin ya yi tauri ya ƙara ruwa, kuma tun 1918 Duff Abrams a Amurka ya nuna cewa ƙarfin kankare yana faɗuwa ne yadda ruwa ke ƙaruwa a kan siminti. Ga kuma lakar da ke lulluɓe jikin ƙwaya ta hana siminti kama ta. Bulon da kake gogawa da yatsa yana zubar da gari, sau tari daga nan matsalar ta faro, sai kuma a haɗa masa da ƙarancin siminti da rashin ban ruwa.

Mataki na 4: tankaɗe ka ga rabon girma

Inda hali ka sa a yi maka rariya biyu ko uku na waya masu ido daban daban, babba mai ido wajen milimita 5, matsakaiciya wajen milimita 1, sai mai laushi sosai. Shanya yashin ya bushe ƙarau, auna kilo ɗaya, ka tankaɗe daga babba zuwa ƙarama, ka auna abin da ya tsaya a kowacce. Abin da kake so ka gani shi ne kowane mataki ya samu rabo. In kusan duka ya tsaya a rariya ɗaya, ko kusan duka ya zube ƙasa, yashin nan jinsi ɗaya ne, zai bar fanko da yawa kuma siminti ne zai cike fankon da kuɗinka.

A ɗakin gwaji jerin rariyar ya fi haka, 4.75 da 2.36 da 1.18 da 0.6 da 0.3 da 0.15 da 0.075 na milimita. Daga nan suke fitar da lamba biyu, girman idon da kashi 60 cikin 100 ke wucewa, da wanda kashi 10 kawai ke wucewa, sai su raba na farko da na biyu. In amsar ta kai 6 ko sama a yashi, ko 4 a tsakuwa, alama ce ta gauraye mai kyau. In tana wajen 2 jinsi ɗaya ne. Rairayin da iska ke tarawa a jigawa da bakin hamada irin na ƙarshen nan ne, mai laushi, girma ɗaya, kuma iska ta goge masa kusurwa ya yi sulɓi, shi ya sa duk yawansa ba ya maye gurbin yashin kogi a kankare.

Mataki na 5: kowane aiki da girmansa

Kankare na pila da linta da dakin, wato rufin kankare na bene, yana son yashi mai kaushi da tsakuwar dutse da aka fasa, wadda aka fi amfani da ita mai milimita 20 ce. Amma ka duba rodin. Ƙa'idar da aka saba ita ce mafi girman tsakuwa kar ta wuce kashi uku cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin rodi da rodi, kar ta wuce ɗaya cikin biyar na faɗin katakon da za a zuba a ciki, kar kuma ta wuce ɗaya cikin uku na kaurin dakin. In ta wuce sai ta maƙale a rodi, ƙasanta ya zama rami, ranar da aka cire katako ka ga pila duk huji huji, magini ya yi sauri ya shafe da filasta kafin maigida ya zo. Shafen nan ba ya mayar da ƙarfin da aka rasa. Kuma kar a riƙa watso kankare daga sama sosai, in ya faɗo daga nesa tsakuwa ke rigan zuwa ƙasa ta rabu da kwaɓin.

Bulo yana son yashi mai kaushi da ɗan laushi a ciki dan ya kama a cikin mol. Filasta tana son mai laushi, amma in ya yi laushi fiye da kima zai sha ruwa ya tsattsage in ya bushe.

Mataki na 6: yashi mai danshi yana kumbura

Mu da kwanon sarki da baro muke awo, toh ka san wannan. Yashi mai ɗan danshi, ruwan da ke jikin ƙwayoyin yana tokare su su ƙi zama, sai ya ƙara girma da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, mai laushi ma ya fi haka. Busasshe ƙarau da wanda ya nutse cikin ruwa su kuma girmansu kusan ɗaya. Gwada da gwangwani, cika shi da yashin yadda yake ka auna tsayi, misali santimita 20, juye shi, zuba ruwa a gwangwanin ka mayar da yashin a hankali kana motsawa, in ya zauna a 16 kumburin kashi 25 ne kenan. Sai ka ƙara awon yashi daidai da haka ka kuma rage ruwan kwaɓi tunda yashin ya zo da nasa.

Mataki na 7: ciko da daɓe

Nan ne nake so ka tsaya sosai dan nan aka fi yin sakaci, an gama fandisho kowa na ɗokin ganin gini ya tashi, sai a juye tifa biyu uku cikin ɗaki a baje da shebur a watsa ruwa a ce ya zauna da kansa.

Yashi iri ɗaya sak yana da hali biyu gwargwadon yadda aka matse shi. In sakwakwa ne kuma nauyi ya hau, ƙwayoyin suna faɗawa cikin fanko, ƙasar ta lotsa, daɓe ya tsage, tayil ya fara ƙara in an taka. In kuwa an matse shi sosai, kafin ƙwaya ta zame dole ta hau kan ta kusa da ita, wato sai duka tarin ya ɗan buɗe ya ɗaga nauyin da ke kansa, kuma wannan ɗagawar ita ce ƙarin ƙarfi. Osborne Reynolds a Ingila ya bayyana abin a 1885. Kai ma ka taɓa gani a bakin kogi, in ka taka jiƙaƙƙen yashi mai tauri sai ka ga kewayen ƙafarka ya yi fari ya bushe, yashin ne ya buɗe ya zuƙe ruwan. A lissafi, kusurwar guga, wato ma'aunin yadda ƙwayoyi ke ƙin zamewa, a sakwakwan yashi tana wajen digiri 28 zuwa 30, matsattse mai gauraye da kusurwa yana kaiwa 40 ko fiye, kuma wannan bambancin a ƙarƙashin fandisho yana ninka nauyin da ƙasa za ta ɗauka sau da yawa.

Yadda suke karyewa ma daban ne. Sakwakwa a hankali yake lotsawa ko'ina. Matsattse yana riƙewa har ya kai iyakarsa, sannan ya zame ta wani siririn layi guda, kaurin layin nan kamar ninki 10 zuwa 20 ne na girman ƙwaya, sauran jikin ƙasar kuma yana nan kamar ba abin da ya same shi.

Toh ga yadda za a yi. A zuba ciko hawa hawa, kowane hawa kar ya wuce santimita 15 in da ƙaramin injin daɓe ake aiki, in da hannu ne ma a rage. Duk dutsen da ya wuce kashi biyu cikin uku na kaurin hawan a fasa shi ko a cire, dan babban dutse yana tokare injin ya bar rami a gefensa. A yayyafa ruwa daidai, ba a yi taɓo ba, in ka dunƙula burji ya kama bai jiƙa maka hannu ba kuma in ka yar ya fashe gida biyu uku, danshin ya yi. Tun 1933 wani injiniya Proctor ya fito da gwajin da ke nuna kowace ƙasa tana da adadin ruwan da ta fi matsuwa da shi, ƙasa da haka ba ta zama, sama da haka ruwa ya cike gurbin ya hana ta. A bi kowane hawa sau da yawa har sawun injin ya daina fitowa kafin a ƙara wani.

Wani abu game da manyan ƙwayoyi, dutse babba ya fi ƙarami yawan ɓoyayyun tsaga a cikinsa, kuma in duk manya ne wuraren da suke taɓa juna kaɗan ne, nauyi ya taru a ɗan tsini sai tsinin ya murƙushe, cikon ya sauka. In akwai ƙanana kewaye da shi nauyin yana rarrabuwa ta wurare da yawa. Dan haka in ka sa manyan duwatsu a ƙarƙashin daɓe, ka bi su da ƙananan tsakuwa da yashi su toshe. Burji kuma ka gwada shi, jiƙa 'yan ƙwayoyi su kwana a ruwa, da safe ka matsa da yatsa ko ka ɗan buga da guduma, in suna narkewa su koma jar laka wannan ba zai riƙe girmansa a ƙarƙashin nauyi ba.

Mataki na 8: ruwa, da hanyar fitarsa

Karl Terzaghi a 1925 ya kafa ƙa'idar da duk ilimin ƙasar gini ke tafiya a kai, cewa ƙarfin ƙasa yana zuwa ne daga matsin da ƙwayoyi ke yi wa juna, in ruwan da ke tsakaninsu ya karɓi nauyin sai gugar ta ragu daidai da haka. Girman ƙwaya shi ke faɗin ko ruwan zai samu ya gudu. Allen Hazen tun 1892 ya nuna saurin wucewar ruwa a yashi yana bin girman ƙananan ƙwayoyin ne a ninka shi da kansa, wato in suka ragu sau 10 ruwa zai rage gudu sau 100. Shi ya sa mafi hatsari shi ne yashi mai laushi, jinsi ɗaya, sakwakwa, cike da ruwa. In aka girgiza shi yana so ya matse, ruwa ba ya fita da wuri, sai ƙwayoyin su saki juna ƙasar ta koma kunu. A girgizar ƙasa ta Niigata a Japan a 1964 manyan gidajen bene sun kwanta a gefe ɗaya jikinsu bai ma farfashe ba, ƙasar ce ta narke a ƙarƙashinsu. A Brumadinho ta Brazil a Janairun 2019 tarin dusar ma'adinai, wato ragowar ƙasar da ake zubarwa bayan an tace ma'adinai, mai laushi da ruwa ya ɓalle ba tare da wata girgizar ƙasa ba, mutum 270 suka rasu.

Akwai kuma satar ƙasa da ruwa ke yi a ɓoye. In ƙasa mai laushi tana jingine kai tsaye da manyan duwatsu, ruwa na wucewa yana kwashe ta ta cikin ramukan har ya yi hanya. Haka madatsar ruwan Teton a jihar Idaho ta Amurka ta fashe ranar 5 ga Yuni 1976 a cikarta ta farko, turɓayar da aka yi cikinta da ita ruwa ya ci ta ciki ta tsagogin dutsen da ke gefe. Ƙaramin irinsa shi ne ramin da kake gani yana buɗewa a gefen kwalbati ko sokawe bayan damina. Maganin shi ne a jera girma daki daki, ƙasa, sai yashi mai kaushi, sai ƙaramar tsakuwa, sai manya, kowane hawa kar ƙwayoyinsa su fi na bayansa girma fiye da sau 4 zuwa 5, ta haka ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Bayan katangar da ke tare ƙasa ma haka za a yi, kuma a bar mata ƙofofin fitar ruwa a gindi.

Ƙasa mai laushi tana kuma jan ruwa sama, turɓaya tana iya ɗaga shi mita ɗaya ko fiye, tsakuwa kuwa kusan ba ta ja. In unguwarku ruwa na kusa, sa hawan tsakuwa mai tsabta a ƙarƙashin daɓe, a bi da ɗan yashi a shimfiɗa leda kafin kankare, in ba haka ba gindin bango zai riƙa danshi fenti na ɓarewa.

Ina roƙon masu haƙa rami, rijiya ko sokawe ko fandisho mai zurfi. Yashi mai laushi da danshi yana tsayawa a miƙe kamar bango, amma ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ne ke riƙe shi, rana ta busar da shi ko ruwan sama ya cika shi riƙon ya tafi, kuma ba ya ba da sanarwa. Mita ɗaya ta kowane gefe na yashi ya fi tan ɗaya da rabi nauyi. Rami in ya wuce mita 1.2 a kwantar da gefensa ko a tokare da katako, a kuma nisanta ƙasar da aka haƙo daga bakinsa, kar tifa ta matso kusa mutum na ciki.

In bene za ka yi, ko filin tsohon kududdufi ne da aka cike, ko bakin kogi, gwajin kwalba da hannu ba su isa ba. Sa injiniya ya ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji, sashen injiniyan gine gine na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da manyan kwalejojin fasaha suna da kayan. Ka nemi a yi maka tankaɗen rariya, da gwajin matsewa, da gwajin ƙarfin zamewa, ka kuma tabbatar samfurin daga zurfin da fandisho zai zauna aka ɗebo shi ba daga sama ba. In ƙasar mai tsakuwa ce ka tambaya ko akwatin gwajin ya ninka mafi girman ƙwaya aƙalla sau 10, dan in akwatin ƙarami ne duwatsun tokare bangonsa suke yi lambar ta fito sama da gaskiyar ƙarfin ƙasar.